Wane gas ya dace da AC ɗin tsohuwar mota?

Tambaya: Ina da Mercedes 230E ƙirar 1990. AC ɗinta ya daina sanyi, mai gyara ya ce gas ɗinta na asali ya ɓace a kasuwa, amma zai ɗura mini wani mai araha. In yarda?

Amsa: Malam, kada ka yarda sai ka ga sunan gas ɗin a jikin tukunya. Motocin wancan zamani da R-12 suka zo, wanda yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta sa aka daina yin sa saboda yana lalata ozon, rufin da ke tare hasken rana mai cutarwa a sama. Magajinsa R-134a ne, kuma shi za ka sa. Sai dai ba a ɗura shi kai tsaye kan tsohon.

Matsalar man da ke shafe kwamfuresa ce. R-12 yana tafiya da man ma'adinai, shi kuwa R-134a ba ya gauraya da shi, don haka man ya kwanta wuri guda, kwamfuresa ta yi ta juyi a bushe har ta kama. A zuƙe ragowar gas da inji, a tsiyaye tsohon mai, a zuba man ester, wato POE, domin yana jure ɗan abin da ya rage a bututu. A sauya diraya, wato 'yar tukunyar da ke tsotse danshi, a sa sababbin robobin haɗi na HNBR, korayen nan, da bakin ɗuri na R-134a. Sannan a zuƙe iska aƙalla minti 30, a kashe injin zuƙar a zuba wa agogon matsi ido. In allura ta motsa, akwai yoyo, kuma ɗuri a kansa asarar kuɗi ce.

Da sikeli ake ɗurawa, ba da ido ba. Duba takardar da ke manne ƙarƙashin bonet, ka sa kashi 80 zuwa 85 cikin ɗari na nauyin da aka rubuta: in gram 1,000 ne, 800 zuwa 850. R-134a ya fi matsi a zafi, shi ya sa wanda aka cika fiye da kima yake daina sanyi a cunkoso cikin watan Afrilu. A wanke kwandansa, wato ragar AC da ke gaban lagireto, a tabbatar fankarta na aiki.

Mai arahar nan fa, galibi ɗayan uku ne. Ko R-290 da R-600a, dangin gas ɗin girki, masu sanyi sosai amma masu kama wuta in sun yi yoyo kusa da inji ko cikin mota. Ko R-22 na AC ɗin ɗaki, wanda matsinsa ya fi ƙarfin tiyon mota. Mafi muni jabun R-134a da aka gauraya da R-40, mai cin alminiyam. Shi ya tarwatsa injinan sanyaya kwantena a Vietnam da Brazil a 2011, har aka rasa rayuka.

R-1234yf kuwa na sababbin motoci ne, ba a ƙera taka dominsa ba. In an gama aiki, a manna takarda da sunan gas da man da aka sa, don kada wani bakanike ya gauraya maka gobe.