Idan yaƙin Sahel ya faɗaɗa, me zai sami Kebbi?

Malam, ka tambayi abin da zai sami Kebbi idan yaƙin Sahel ya faɗaɗa. Iyaka ce za ta fara taɓuwa. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, Najeriya ta rufe iyaka, ta yanke wutar da ke bi ta Birnin Kebbi zuwa Yamai, sai a Maris na 2024 aka buɗe. Manyan motoci suka yi cirko-cirko, kayan gwari suka ruɓe, dabbobin da ke shigowa ta Kamba, garin da ke bakin iyakar Nijar, suka ragu. Rufe iyaka ba ya hana shige da fice, sai dai ya tura 'yan kasuwa ɓarauniyar hanya, inda mai bindiga ke karɓar haraji.

Batun tsaro ya fi tayar mini da hankali. Nijar, Mali da Burkina Faso sun fice daga ECOWAS a Janairun 2025, sintirin haɗin gwiwa da musayar bayanan sirri suka yi rauni. Irin wannan giɓin Lakurawa, 'yan bindigar nan masu iƙirarin jihadi, ke bi, dubi harin Mera ta ƙaramar hukumar Augie a Nuwamban 2024. Manomin shinkafar da ke tsoron shiga fadama ba zai yi noman rani ba. Sojan da za a jibge a bakin iyaka kuwa, daga wani fagen daga za a ɗebo shi, ko da dazukan Zamfara ne.