Shayin Chaga Ga Mai Ciwon Suga

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ɗana da ke karatu a Kanada ya aiko mana da wani abu baƙi kamar gawayi, wai sunansa chaga, a tafasa a sha kamar shayi. Ya ce yana sauke suga, har cutar daji yana magani. Maigidana ya shekara 9 da ciwon suga, yana shan metformin, kuma likita ya ce ƙodarsa ta fara gajiya. In fara dafa masa?
Uwargida, daga Zariya

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya yi wa yaron nan albarka da ya tuna da mahaifinsa. Amma don Allah kada ki ɗora tukunyar nan.

Chaga dangin naman kaza ne, sai dai ba ya fitowa a ƙasa. A jikin wata bishiya mai farin ɓawo yake tsirowa, a dazuzzukan sanyi na Siberiya da Finland da Kanada, kuma yakan yi shekaru yana girma kafin a sare shi. Idan kika fasa shi za ki ga cikinsa ruwan goro ne. Mutanen Siberiya sun daɗe suna jiƙa shi don ciwon ciki, a Finland kuma an sha shi a madadin kofi lokacin Yaƙin Duniya na Biyu.

Maganar sauke suga ba ƙirƙira ba ce gaba ɗaya, domin an ga haka a jikin ɓeraye. Haka ma ta cutar daji, a ɗakin gwaji aka gani, kan ƙwayoyin halitta da dabbobi. Tsakanin ɓera da Alhaji kuwa akwai nisa. Ba a tabbatar da cewa yana warkar da ɗan Adam daga ko ɗaya ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a wasiƙarki shi ne ƙodar nan. Chaga cike yake da sinadarin oksalet, wanda ke haɗuwa ya zama tsakuwar ƙoda. Akwai shi a alayyafo ma, amma miyar alayyafo daban, garin da ake ɗirka kullum daban. A 2014 likitoci a Japan sun ba da labarin wata tsohuwa 'yar shekara 72 mai cutar dajin hanta, wadda ta yi wata 6 tana shan ƙaramin cokali 4 zuwa 5 na garinsa kullum. Oksalet ya toshe mata ƙoda, sai da aka koma yi mata wankin ƙoda. Na ga iyalai suna sayar da fili saboda kuɗin wankin nan, Hajiya, ba na so ki shiga wannan layi a kan kofin shayi.

Ga kuma suga. In har chaga ya sauke shi, ya haɗu da maganin asibiti, zai iya faɗuwa ƙasa sosai, mutum ya kama gumi da rawar jiki. Masu shan maganin tsinka jini irin su warfarin su ma su kauce masa, haka mai juna biyu da mai shayarwa.

Ranar da Alhaji zai koma asibiti, ki saka ƙullin a jaka ki nuna wa likitansa, ki kuma tambaye shi ko adadin metformin ɗin ya dace da halin da ƙodar ke ciki yanzu. Shi kuwa yaron, ki gaya masa in yana son taimakawa, ya aiko da na'urar gwada suga da tsinkayenta.