An gayyace ni harbin kurege a wata gona a Kanada, me zan shirya?

Tambaya: Ina aiki a birnin Regina. Wani abokin aikina ya gayyace ni gonar iyayensa harbin kuregen nan da suke kira gofa. Ban taɓa zuwa ba, bindiga ma ba ni da ita. Da me zan fara?

Amsa: Ɗan'uwa, fara da doka. Mallakar bindiga a Kanada sai da lasisin bindiga da ake kira PAL, bayan ka ci kwas ɗin kiyaye haɗarin bindiga. Wanda ba shi da shi zai iya harbi ne kawai idan mai lasisi yana tsaye dab da shi yana kula. Sannan tun 1 ga Janairu 2022 dokar Saskatchewan, lardin da Regina take, ta wajabta neman izinin mai fili kafin a shiga. Ka tabbata iyayen da kansu sun amince, su nuna maka iyakar gonarsu, inda shanu suke, da inda gidajen maƙwabta suke.

Lokaci kuma: kuregen yana fitowa daga barcin hunturu wajen Maris, 'ya'yan su fito a Mayu zuwa Yuni, manyan su koma rami tun Yuli. Ya fi fitowa ranar da rana ta buɗe, iska ta kwanta.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne abin da ke bayan kuregen. Yawanci ƙaramar bindiga ake ɗauka, mai cin ƙaramin harsashin da ake kira .22 ko .17 HMR, shi ya sa mutane ke raina ta. Amma harsashin .22 yana iya wuce kilomita ɗaya da rabi, ƙasar can kuwa shimfiɗe take kamar faifai, ba abin da zai tare shi. Idan ya bugi dutse ko busasshiyar ƙasa, sai ya kauce ya nufi inda ba ka zata ba. Kada ka harba sai ka ga tudu ko gangaren da harsashin zai nutse a ciki. Kuregen da ya tsaya a kan tudu, sama ce kawai a bayansa, ƙyale shi ya tafi.

Ka riƙe madubin hangen nesa, ka tabbatar da abin da kake gani. Akwai wata ƙaramar mujiya mai zama a ramuka, tana tsayawa a bakin rami kamar kurege, kuma doka ta kare ta domin ta kusa ƙarewa a Kanada. Shaho ma yana cin gawar kuregen, gutsattsarin dalmar harsashi na iya kashe shi, don haka ka nemi harsashin da ba dalma in an samu.

Kada ka taɓa gawa da hannu tsirara, ƙumarta na ɗauke da cuta. Ɗauki safar hannu, abin toshe kunne, tabarau, ruwan sha, hula, da dogon wando saboda kaska. A mota bindiga ta kasance babu harsashi, kuma duk ƙofar shingen da ka tarar a rufe, ka mayar da ita yadda take.