Inna ta daina fita tun hunturu: yanayi ne ko iska?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Daga unguwar Zariya nake a nan Maradi, kuma hankalina a tashe yake. Mahaifiyarmu ta fita takaba a tsakiyar hunturu, amma yau wata uku ke nan ko tsakar gida ba ta leƙawa sai in za ta kewaya. Ba ta barcin dare, abinci sai an yi da gaske, ga yawan kuka. Da na ɗauka sanyi da ƙura ne, to ga bazara ta shigo, shiru. Gwaggonninmu sun ce iska ce, a rufe taga, kada a bari ta fita, ana ta yi mata hayaƙi. Yanayi na iya mayar da mutum haka? In na fito da ita ciwon zai ƙaru?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƴar'uwa. Allah ya jiƙan Baba, ya ba Inna lafiya.

Yanayi na taɓa zuciya, ba musu. Zafin Afrilu da Mayu in ya haura digiri 40 barci gagara yake, wanda bai yi barci ba kuwa kin san yadda yake wuni. Akwai ma ciwon damuwa mai zuwa da sanyi, wanda wani likita a Amurka, Norman Rosenthal, ya bayyana a 1984, sai dai ya fi kama mutanen ƙasashen da rana ke faɗuwa tun wajen ƙarfe huɗu. Mu nan tsakanin wuni mafi tsawo da mafi gajarta bai kai awa biyu ba. Don haka ba zan ɗora wa hunturu laifin ba. Abin da kika lissafa, bayan rashin miji, har ya wuce sati biyu nesa ba kusa ba, ya fi kama da ciwon damuwa, kuma yana da magani.

Maganar rufe taga ce ta fi ci mini rai, domin kusan kullum sai na ci karo da ita. A kawo mini mace ta yi wata huɗu, wata biyar a ɗaki mai duhu, an toshe taga da tsumma, kaya duk warin hayaƙi, a ce wai ana ɓoye ta daga iska. Wane ne ya taɓa warkewa a cikin duhu? A cikin ƙwaƙwalwa akwai wani agogo da hasken safe ke saitawa ta hanyar ido. Da hasken ya shiga, jiki ya tsayar da sinadarin barci da ake kira melatonin, ya kuma sake shi in dare ya yi. Hasken ɗaki da wuya ya wuce luks ƴan ɗaruruwa, a ma'aunin haske, alhali inuwar bishiya a waje ta kai dubbai. Wadda aka kulle, dare da rana sun cakuɗe mata: ta yi gyangyaɗi da azahar, ta kwana ido biyu tana tunanin mamaci, gari ya waye ta fi jiya rauni. Sai dangi su ce ai ga shi, iskar ta ƙara ƙarfi, a ƙara hayaƙi. Hayaƙin ya shiga huhun tsohuwa a ɗakin da ba mafita, tari ya biyo baya. Mai maganin kuma ya karɓi jaka goma yau, gobe ya ce sai an kawo baƙar akuya. In ta rame ta daina magana, sannan ne za a tuna da mu, a ce asibiti ta yi abin da za ta iya. Wallahi abin na ƙona mini rai, don da yawansu da an kawo su da wuri da tuni suna harkokinsu.

Ban hana addu'a ba, ni ma ina yi. A shimfiɗa tabarma gindin bedi a yi mata karatun a can, wa ya ce sai a duhu ake karɓa? Gwaggonninki ma ba mugunta ce ta sa su ba, tsoro ne, ki lallashe su da girmamawa, ki samu wani babba a dangi ya tsaya miki.

Ki buɗe tagar yau. Gobe da hantsi, kafin rana ta yi zafi, ki fito da Inna tsakar gida minti 20 zuwa 30, da ruwan sha kusa da ita. Kada ki bar ta zaune haka kawai, ki miƙa mata zogale ta tsinke, ko tsabar da za ta watsa wa kaji, jikoki na kewaye da ita. In ta saba, ku taka zuwa gidan maƙwabciya, daga baya har lambunan bakin Gulbi da yamma. Wani bincike da aka wallafa a 2019 kan mutane kusan 20,000 a Ingila ya nuna masu samun minti 120 a sati cikin itatuwa da fili sun fi faɗin cewa suna jin daɗin rayuwa. Ki raba shi kwana bakwai, bai cika minti 20 a rana ba. Tsakar ranar bazara dai ki kiyaye mata, wannan wahala ce.

Shan iska kaɗai ba zai wadatar da mai hali irin na Inna ba. Cikin satin nan ki kai ta asibitin unguwa a auna hawan jini da suga da ƙarancin jini, ki nemi a tura ku wajen masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa. Kada ki saya mata ƙwayar barci wajen masu tallar magani a tire. In kuwa kika ji ta ce gara ta bi Baba, ko ta ƙi shan ruwa, ki ɗauke maganin ɓera da na ƙwari daga gidan, kada a bar ta ita kaɗai, ku tafi babbar asibiti a ranar, ko da dare ne.