Wasannin tanis da suka cancanci a sake kallo

Ka tambayi tsofaffin wasannin tanis da za ka kalla a lokacin da babu gasar da ake bugawa. Amsata ita ce ka fara da wasan ƙarshe na gasar Rum ta 2006, wanda Rafael Nadal ɗan Sifen ya doke Roger Federer ɗan Suwizalan a filin jar ƙasa bayan fiye da awa biyar, duk da cewa a turmi na biyar sau biyu maki ɗaya tak ya rage wa Federer ya ɗauki kofin. Ana yawan ambaton karawarsu ta gasar Wimbledon da ke Ingila a 2008, kuma ta cancanci yabo, amma a ganina ta Rum ba ta samu rabin darajar da ta dace da ita ba. Daga nan ka nemi wasan kusa da na ƙarshe na gasar Ostareliya ta 2005, inda Marat Safin ɗan Rasha ya fitar da Federer da ci 9-7 a turmin ƙarshe, sai kuma wasan da Venus Williams ta ci Lindsay Davenport a Wimbledon a shekarar.

Sharaɗina ɗaya ne: ka kalli cikakken wasan, kada ka tsaya ga taƙaitaccen bidiyo. Na lura cewa masu yanke bidiyo bugun ban mamaki kawai suke zaɓa, alhali daɗin wasan Rum yana cikin yadda Federer ya riƙa matsowa kusa da raga domin ya hana Nadal jan wasa, kuma sai wanda ya bi turmi bayan turmi ne zai ga wannan dabara.