Ɗan shekara 4 da kimiyya a tsakar gida

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Kin tambaya ko ɗan shekara 4 ya isa a fara nuna masa kimiyya, alhali ba ku da kayan gwaji. Ya isa sosai, tsakar gida ma ta wadatar.

Ki fara da wake. Ku shuka a gwangwanin madara biyu da aka huda gindinsu, shi zai riƙa ba su ruwa. Cikin mako guda za su tsiro. Ɗaya a rana, ɗaya a ƙarƙashin gado. Na duhun zai yi tsawo, ya ɗashe, ya langaɓe. Don Allah kada ki yi saurin gaya masa dalili, ki tambaye shi, "Me kake gani ya faru?" A ganina nan karatun yake, ko da amsarsa ba daidai ba ce.

Da hantsi ki zana inuwarsa da gawayi, ku sake da rana tsaka ya ga ta gajarce. Da damina kuwa ga talibambam a kududdufi, amma ki ɗebo masa a kwano, kada ya je bakin ruwa. Ɗaga dutse don ganin ƙwari kuma aikinki ne, saboda kunama.