Amsa ga mai neman inda zai koyi Faransanci kyauta

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Na ga tambayarka, ka ce kana son koyon Faransanci, daga baya ka taɓa Jamusanci, amma babu halin biyan makaranta, ko akwai abin kyauta a intanet da zai kai mutum ga iya magana. Akwai kam, har ya yi yawa ma, kuma yawan nasa ne ya fara cinye min lokaci. Shekarata ta farko manhaja wajen bakwai na tara a waya, yau wannan gobe wancan, ina ta latse-latse ina jin daɗi wai ina karatu, ranar da na haɗu da mai jin yaren ya yi min tambaya ɗaya tak sai na tsaya ina kallonsa, kalmomin na san su a rubuce amma kunnena bai taɓa sabawa da su ba. Daga ranar na canza tsari gaba ɗaya.

In kana jin Turanci ko da sama-sama ne, fara da Language Transfer. Sauti ne zalla, babu talla babu rajista, malamin yana koyar da ɗaliba ɗaya kana sauraro, in ya yi tambaya sai ka tsayar ka ba da amsa da bakinka kafin ita ta amsa. Kar ka tsallake wannan tsayarwar don Allah, nan ne karatun yake. Duolingo ma yana da amfani wajen sa ka saba da zama kullum da kuma kalmomin farko, ni dai a matsayin ɗumama jiki nake ɗaukarsa, minti goma ya isa.

Abin da ya buɗe min kunne gaskiya shi ne Journal en français facile na RFI. Labaran duniya ne na minti 10 da Faransanci mai sauƙi, kuma suna saka rubutun abin da aka faɗa a shafinsu. Yadda nake yi, zan saurara sau ɗaya ba tare da na kalli rubutun ba, ko kashi ɗaya cikin biyar na gane ba komai, sai in sake ina bin rubutun da ido, sai na uku in rufe rubutun in dinga maimaita wasu jimlolin da ƙarfi ina kwaikwayon muryar mai karantawa. Makon farko wallahi kamar ruwa ake zubawa a kunnena, amma da yake labarai ne kalmomi iri ɗaya ke ta dawowa, shugaban ƙasa, zaɓe, yarjejeniya, ambaliya, wajen wata uku sai na ga ina gane kan labari tun kafin in duba. Kuma sauti ba ya cin data kamar bidiyo, ka sauke ka ajiye. TV5Monde ma suna da darussa a jere daga matakin A1, wato na masu farawa, zuwa sama, in ka fi son bidiyo.

Kalmomin da kake tsinta kuma kar ka bar su a littafi su mutu, zuba su a manhajar Anki. Katuna ne da ke dawo maka da kalma daidai lokacin da ka kusa mantawa da ita, wadda ka riƙe sai ta daɗe ba ta dawo ba, wadda ke kuɓuce maka kullum tana gabanka. Kyauta ne a kwamfuta da Android, na iPhone ne ake saya. Shawarata ka saka jimla cikakkiya maimakon kalma ɗaya tilo, kuma sababbi kar su wuce 10 zuwa 15 a rana, in ka yi zari bayan sati biyu za su taru maka ka gudu. In furuci ya rikita ka duba Forvo, masu yaren ne da kansu suka naɗi muryarsu.

Jamusanci idan lokacinsa ya zo, darasin Nicos Weg na DW zai ɗauke ka daga A1 har B1, wato matsakaicin mataki, amma ni ban goyi bayan ka haɗa biyun yanzu ba. Cibiyar FSI da ke horar da jami'an diflomasiyyar Amurka tana ware mako 24 zuwa 30 ga yaruka irin Faransanci, Jamusanci mako 36, Larabci 88, kuma waɗannan mutane ne da karatun shi ne aikinsu safe da yamma. To kai da za ka samu awa ɗaya a rana ka sa a ranka tafiyar shekara ce ko fiye.

Maganar baki ita ce mutane ke gudu, ni ma na gudu. Shiga manhajar musayar yare ta Tandem ko HelloTalk tun a wata na biyu, ka nemi mai koyon yaren da kake ji ku yi musaya, rabin lokaci naka rabi nasa. Da yawa za su gaisa su ɓace, wasu kuma ba karatu ya kawo su ba, ka yi hankali da duk wanda ya fara maganar kuɗi. Ni sai a mutum na shida ko na bakwai na dace, saƙon murya muke turawa juna yana gyara min ina gyara masa, har yau ba mu daina ba.